'Yan Fashin Kwamfuta Sun Sa Masana'antun Duniya A Gaba

A shekarun baya, idan aka ji labarin wata masana'anta ta tsaya cik, dalilan da mutane kan kawo ba su wuce uku ba: ko dai an ɗauke wutar lantarki, ko ma'aikata sun shiga yajin aiki, ko kuwa kayan aiki sun maƙale a tashar jiragen ruwa. To, yanzu zamani ya kawo dalili na huɗu. Sai a wayi gari ga wuta, ga ma'aikata sun hallara, ga kaya jibge a sito, injuna kuma lafiyarsu lau, amma babu halin a tayar da ko guda, saboda wani mutum da ke zaune a wata ƙasa mai nisa, wanda bai taɓa taka ƙofar masana'antar ba, ya shiga kwamfutocinta ta intanet ya garƙame su, ya ce sai an biya shi fansa.

Duk wanda ke tsammanin wannan tatsuniya ce, sai ya dubi abin da ya auka wa kamfanin Jaguar Land Rover na Ingila, watau masu ƙera motar nan da dattawan ƙasar nan suka sani da Landiroba. Ranar 31 ga Agusta, 2025, masu kutse suka afka wa kwamfutocin kamfanin. Da shugabanni suka ga abin yana neman yaɗuwa, sai suka kashe kwamfutocin baki ɗaya da hannunsu, aka ce wa ma'aikata su zauna a gida. Masana'antun Solihull da Halewood da Wolverhampton suka yi tsit, haka nan waɗanda kamfanin ke da su a Silobakiya da Indiya da Barazil. Kamfanin da ke fitar da mota wajen 1,000 kowace rana sai da ya yi fiye da mako biyar bai ƙera ko ɗaya ba. Ba a soma tayar da injuna ba sai ranar 8 ga Oktoba, shi ma da kaɗan da kaɗan.

Hasarar kuwa ba ta tsaya kan kamfanin kaɗai ba. Yana da ma'aikata wajen 34,000 a Birtaniya, amma akwai wasu wajen 120,000 da ke cin abinci a ƙananan kamfanonin da ke kai masa kujeru da gilasai da wayoyin lantarki da sauran tarkacen haɗa mota. Tun da babban mai saye ya tsaya, sai waɗannan ƙanana suka rasa inda za su kai kayansu, wasu suka rage albashi, wasu suka sallami ma'aikata. Sai da ta kai gwamnati ta yi alkawarin tsaya wa kamfanin in zai ci bashi har na fam biliyan 1.5, don kada ƙananan su durƙushe. Wata cibiya mai zaman kanta da ke auna ɓarnar irin waɗannan hare-hare ta ƙiyasta hasarar ƙasar a kan fam biliyan 1.9, ta kuma ce abin ya shafi kamfanoni fiye da 5,000. Rabon da a ga watan Satumban da Birtaniya ta ƙera motoci kaɗan kamar na 2025 tun 1952.

ME YA SA MASANA'ANTU?

Mai karatu na iya tambaya, me ɓarawo zai samu a masana'anta, alhali ga bankuna nan inda kuɗi suke kwance? Ai kuwa lissafin da kamfanin IBM ke fitarwa kowace shekara ya nuna cewa a 2021 masana'antu suka wuce bankuna wajen yawan shan hari, suka kuma riƙe wannan matsayi shekara huɗu a jere har 2024, shekarar da kashi 26 cikin 100 na hare-haren da ma'aikatan IBM suka bi sawu suka faɗa kan masu ƙere-ƙere.

Dalili na farko shi ne masana'anta ba ta jure tsayawa. Ofishin lauya ko makaranta na iya kwana uku babu kwamfuta a lallaɓa. Amma narkakken ƙarfe in ya huce a tukunya ya daskare ke nan, madara in ta kwana a tanki ta lalace, tanderun siminti in aka kashe shi sai an ɗauki kwanaki kafin ya koma zafinsa, ga kuma waɗanda suka yi oda suna jira da takardar yarjejeniya a hannu. Ɓarawo ya san kowace sa'a da ta wuce mai masana'anta zubar da kuɗi yake yi, saboda haka ya fi kowa saurin miƙa wuya. A 2021 kamfanin JBS na Barazil, wanda babu kamarsa a duniya wajen sarrafa nama, ya biya fansar dala miliyan 11 bayan an tsayar masa da mayanka a Amurka da Kanada da Ostareliya.

Dalili na biyu shi ne tsufan kayan aiki. Mutum kan canja wayar hannu bayan shekara biyu ko uku, amma injin saƙa ko na niƙa akan saye shi ne don ya yi shekara 20 ko 30, kwamfutar da ta zo tare da shi kuwa tana nan da manhajar zamanin da aka ƙera shi. Kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows XP tun Afrilun 2014, ya daina ta Windows 7 a Janairun 2020, amma har gobe akwai injuna birjik da ke aiki da su, domin injiniya na tsoron in ya taɓa manhajar injin ya ƙi tashi. A Mayun 2017, sa'ad da cutar kwamfuta da ake kira WannaCry ta watsu a duniya, kamfanin Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa, Nissan ma ya tsayar a garin Sunderland na Ingila, alhali kuwa tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da cutar ta bi. Da ma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalili na uku shi ne haɗa komai da aka yi a igiya guda. A da injin masana'anta ba ruwansa da kwamfutar ofis. Yanzu kuwa manaja na zaune a gida yana ganin buhu nawa aka cika ta wayarsa, sito na aika odar kaya da kansa in sun kusa ƙarewa, kamfanin da ya ƙera inji a Jamus ko Sin yana gyara shi daga can ba tare da ya turo kowa ba. Duk wannan ya kawo sauƙi da riba, sai dai ƙofar da aka buɗe wa ɗan gida ɓarawo ma na iya bi ta nan. Sau da yawa ma cutar ba ta kaiwa ga injin kansa. Da zarar an garƙame kwamfutar da ta san wa ya yi oda, da launin da yake so, da shiryayyen da aka ajiye kusa kaza a kai, da lambar da za a manna wa kwali, to inji ya zama makaho, ko da kuwa yana juyawa.

YADDA ƁARAWON KE SHIGA

Galibi ɓarawon zamani ba ya fasa ƙofa, buɗe masa ake yi. Wani lokaci wasiƙar imel ce za ta zo wa akawu kamar daga banki ko daga mai kawo kaya, ya danna abin da aka liƙa mata, shi ke nan cuta ta sauka. Wani lokaci kalmar sirrin wani ma'aikaci ce aka sace ko aka saya a kasuwar ɓarayi ta intanet. Wani lokaci kuma waya za a bugo wa masu kula da kwamfutoci, mutum ya ce shi ne wane na sashen kaza, ya mance kalmarsa, a taimaka a ba shi sabuwa.

In ya shiga ba ya gaggawa. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana leƙa ɗaki bayan ɗaki, har ya gano kwamfutar da ke riƙe da mabuɗan sauran, ya gano inda ake ajiye kwafin bayanai ya lalata shi, ya kuma kwashe abin da ya ga yana da daraja, kamar zanen kayan da ake ƙerawa da sirrin haɗi da takardun albashi. Sa'an nan ya zaɓi tsakar dare ko ranar hutu, lokacin da masu tsaro suka yi ƙaranci, ya saki manhajar da za ta hautsina kowane rubutu ta yadda babu mai iya karanta shi sai da mabuɗin da ke hannunsa. Da safe abin da za a tarar a fuskar kwamfuta shi ne saƙon neman fansa, a biya da kuɗin intanet irin su Bitcoin, tare da barazanar watsa bayanan da aka sata in an ƙi.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne sana'ar ta zama ta haya. Masu rubuta manhajar daban, masu fita fashi da ita daban, in an samu a raba, kamar dai yadda mai babur kan ba ɗan acaɓa ya fita ya kawo balas. Saboda haka ba sai mutum ya yi zurfin ilmi ba kafin ya durƙusar da masana'anta.

KAMFANIN DA YA ƘI BIYA

Da yake ba a taru an zama ɗaya ba, akwai kamfanin da har yau masana ke kafa misali da shi, watau Norsk Hydro na ƙasar Norwe, mai sarrafa alminiyam, wanda a lokacin yake da ma'aikata 35,000 a ƙasashe 40. A Disambar 2018 wani ma'aikacinsa ya buɗe wasiƙar imel da ta fito daga wani abokin ciniki na gaskiya, ashe ɓarayi sun riga sun cusa mata cuta. Suka yi wata uku suna kewaya cikin gida ba wanda ya sani. Daren 18 ga Maris, 2019, wayewar 19, suka saki cutar da ake kira LockerGoga, ta shafi kwamfutoci wajen 22,000 a wurare 170.

Shugabannin kamfanin suka yanke shawara uku tun a ranar farko: ba za su biya ko kwabo ba, za su sanar da 'yan sanda da jama'a, za su kuma sake gina komai daga kwafin da suka ajiye. Aka manna takardu a ƙofofin shiga ana gargaɗin ma'aikata kada kowa ya haɗa kwamfutarsa da layin kamfani. Da yake shafin kamfanin na intanet ya mutu, sai suka koma Facebook suna ba da labari, suna kuma kiran 'yan jarida a kai a kai suna faɗin inda aka kwana. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

A masana'antu kuwa sai aka koma gidan jiya. Manyan tukwanen narka alminiyam, waɗanda ba a isa a bari su huce ba, aka riƙa sarrafa su da hannu. Aka zaƙulo tsofaffin fayiloli na takarda, aka koma lissafi da alƙalami. A wasu wurare har tsofaffin ma'aikatan da suka daɗe da yin ritaya suka dawo suna nuna wa matasa yadda ake tafiyar da inji kafin zuwan kwamfuta. Duk da haka wasu sassan sai da suka tsaya, an kuma ɗauki watanni kafin komai ya daidaita, hasarar ta kai wajen dala miliyan 70. Amma kamfanin ya tsira da mutuncinsa da abokan cinikinsa, bayanan da ya ba 'yan sanda kuma suna cikin abin da ya kai ga samamen da aka kai wa mutum 12 a Yukren da Suwizalan a Oktoban 2021.

Abu biyu suka ceci Hydro, kuma babu wanda aka sayo a ranar da abin ya faru. Na ɗaya kwafin bayanan da ɓarayi ba su kai gare shi ba, na biyu mutanen da ba su mance aikin hannu ba. Wanda ya biya fansa kuwa, ba shi da tabbacin za a ba shi mabuɗi mai aiki, ba shi da tabbacin an share abin da aka sata, ya kuma nuna wa ɓarayi cewa shi saniyar tatsa ce.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Ko da kamfani ya tsare gidansa, akwai gidan maƙwabci. A ƙarshen Fabrairun 2022 aka kai hari kan Kojima Industries, wani kamfani da ke yi wa Toyota kayan roba na cikin mota. Tsarin Toyota shi ne ba ya tara kaya a sito, sai dai a kawo masa daidai lokacin da zai yi amfani da su. Da kwamfutocin Kojima suka mutu, sai hanyar aika oda ta yanke, ranar 1 ga Maris tilas Toyota ya rufe dukkan masana'antunsa 14 na Japan, aka yi hasarar ƙera mota wajen 13,000 a yini guda, ba tare da an taɓa kwamfutar Toyota ko ɗaya ba.

Haka nan a Agustan 2018 kamfanin TSMC na Taiwan, wanda ke kan gaba a duniya wajen ƙera 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin wayoyi da kwamfutoci, ya tsaya na 'yan kwanaki saboda an kawo sabon inji an jona shi da layi ba a bincika shi ba, ashe yana ɗauke da wani nau'i na WannaCry. Babu ɓarawon da ya nufi kamfanin, sakaci ne kurum na mataki guda.

WANI HANI GA ALLAH BAIWA NE

Hari mafi muni da aka taɓa gani ya auku ne ranar 27 ga Yuni, 2017. An cusa cutar da aka laƙaba wa suna NotPetya cikin wata manhajar lissafin haraji da kusan kowane kamfani mai harka a Yukren ke amfani da ita, daga nan ta bi layukan kamfanoni ta tsallaka duniya cikin sa'o'i. Ta yi shigar mai neman fansa, amma ba ta da mabuɗi ko kaɗan, aikinta shi ne rusawa. Amurka da Birtaniya sun ɗora laifin kan sojojin Rasha, Rasha kuma ta musanta. An ƙiyasta ɓarnar a kan dala biliyan 10. Kamfanin magunguna na Merck ya yi hasarar dala miliyan 870, har sai da ya ari allurar rigakafi daga rumbun gwamnatin Amurka don ya cika alkawarin masu oda. Masana'antar cakulan ta Cadbury da ke tsibirin Tasmaniya, can ƙarshen Ostareliya, ita ma sai da ta tsaya.

Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak da ke ɗauko wa masana'antu kwantena, wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa a Legas. Kamfanin yana da kwamfutoci wajen 150 masu riƙe da rajistar sunayen ma'aikata da izininsu, kowace kwafin 'yar'uwarta ce, an ɗauka ba zai yiwu su mutu gaba ɗaya ba. Amma da yake duk suna kan layi guda, sai cutar ta share su a lokaci ɗaya. Kamar yadda mujallar Wired ta Amurka ta ba da labari a 2018, an yi ta cigiya ofis bayan ofis har aka sami guda ɗaya tak da ta tsira a Gana, dalili kuwa an ɗauke wuta a can kafin harin, ta sauka daga layi. Da yake ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya ɗauko faifan bayanan ya kawo Nijeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin a filin jirgin sama, shi kuma ya wuce da shi London. Da wannan faifai aka sake gina kwamfutoci 45,000 da manya 4,000 cikin kwana goma. Ɗauke wuta ne ya yi wa Maersk abin da ya kamata ya yi wa kansa tun farko, watau ajiye kwafi guda a inda layi ba ya kaiwa.

HAƊARIN DA YA WUCE NA DUKIYA

Akwai kuma masu kutsen da ba kuɗi suke nema ba, injin kansa suke hari. A 2010 aka gano cutar Stuxnet, wadda aka tsara musamman don ta ruɗa na'urorin Siemens masu juya akalar injunan tace yuraniyam a Natanz ta ƙasar Iran. Takan sa injin ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa, alhali tana nuna wa masu sa ido cewa komai lafiya. An ƙiyasta ta lalata injuna wajen 1,000, an kuma yi imani ta shiga ne ta ɗan filashi, tun da wurin ba ya haɗe da intanet.

A Disambar 2014 hukumar tsaron kwamfuta ta Jamus ta bayyana cewa masu kutse sun shiga wata masana'antar ƙarfe ta hanyar wasiƙar yaudara, suka tsallaka daga ofis zuwa wajen injuna, har aka kasa kashe tanderun narka ƙarfe yadda ya kamata, ya yi mummunar lalacewa. A 2017 kuma aka gano cutar Triton a wata masana'antar sarrafa man fetur ta Saudiyya, wadda aka auna ta kan na'urorin da aikinsu shi ne su kashe injuna in zafi ko matsin iskar gas ya wuce kima. Allah Ya kiyaye, wani kuskure a cikin cutar ya sa masana'antar ta kashe kanta, asiri ya tonu. Da ta yi nasara, da maganar rayukan ma'aikata da mazauna kewaye ake yi.

INA NIJERIYA TA TSAYA?

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A Yulin 2021 aka garƙame kwamfutocin Transnet, hukumar da ke gudanar da tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Kudu, kwantena suka yi cirko-cirko a Durban da Cape Town, aka koma rubuta shigarsu da fitarsu da hannu. A nan gida kuwa, matatar man Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2023, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, da masana'antun siminti na Obajana da Okpella da Kalambaina, da manyan injunan niƙa alkama na Apapa, duk daga ɗakin kwamfuta ake sarrafa su, kamar takwarorinsu na ko'ina. Su dai manya suna da ƙarfin ɗaukar ƙwararru. Abin dubawa shi ne matsakaita da ƙanana da suka cika Ikeja da Agbara da Ota da Nnewi da Sharaɗa da Challawa da Bompai, masu casar shinkafa da matsar mai da yin robobi da takalma. A irin waɗannan wurare ba baƙon abu ba ne a ga manhajar jabu a kwamfutar ofis, ko filashi guda yana yawo daga inji zuwa inji, ko ma'aikaci ya soka wayarsa caji a jikin kwamfutar inji, ko kalmar sirri guda ta kowa da kowa, a rubuce a manne a bango.

Akwai wata damfarar kuma da ta fi kusa da duk mai sayo kayan aiki daga waje. Ɓarawo kan shiga akwatin imel ya zauna yana karanta cinikin da ake yi, sai lokacin biya ya yi ya aiko da wasiƙa da sunan mai kaya ko da sunan shugaba, cewa an canja lambar asusu. A 2016 kamfanin Leoni na Jamus mai yin wayoyin lantarki ya yi hasarar yuro miliyan 40 ta irin wannan hanya. A 2018 aka kwashe wajen dala miliyan 11 daga Unatrac, kamfanin da ke sayar da manyan injunan Caterpillar, a 2021 kuma wata kotun Amurka ta ɗaure wani matashin ɗan kasuwa ɗan Nijeriya shekara goma a kan haka. Mai masana'antar da ya sha wuya kafin ya haɗa dalar sayen kaya, in ta faɗa asusun ɓarawo, da wuya ya sake miƙewa.

Ta fuskar doka an yi wani abu. Akwai dokar hana laifuffukan kwamfuta ta 2015, wadda gyaran da aka yi mata a 2024 ya wajabta kai rahoton hari cikin sa'a 72 ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai doka ba ta tayar da inji, kuma muddin wanda aka yi wa sata zai yi shiru don gudun abin kunya, to ɓarawon zai wuce gidan gaba da dabarar da ya yi amfani da ita jiya.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abin farin ciki shi ne mafi yawan rigakafin ba kuɗi yake ci ba, kula yake ci. Da farko mai masana'anta ya sa a yi masa lissafin kowace kwamfuta da kowane inji mai haɗe da layi, da sunan duk wanda ke iya shiga daga waje, domin mutum ba ya tsare abin da bai san yana da shi ba. Na biyu a gina katanga tsakanin layin ofis da layin injuna, tsohon injin da ba a iya sabunta masa manhaja kuwa a keɓe shi. Ƙofar da aka buɗe wa mai gyara na ƙasar waje a rufe ta da zarar ya gama, ma'aikacin da ya bar aiki a soke izininsa a ranar.

Na uku a riƙa kwafin bayanai a kai a kai, a cire guda daga layi a kulle a wani gini daban, a kuma riƙa gwada shi, don kada ranar buƙata a tarar da fanko. Na huɗu kada a dogara da kalmar sirri kaɗai, a haɗa ta da lambar tabbaci da ke zuwa ta waya. Na biyar a kafa ƙa'ida cewa babu kuɗin da za a tura sabon asusu sai an buga waya ga lambar da aka sani tun da, an ji daga bakin mai kaya, ko da kuwa wasiƙar da sunan mai gida ta zo.

Na shida, wanda aka fi mancewa, a riƙa atisaye kamar yadda ake yi na gobara. A zaɓi rana a ce yau babu kwamfuta, a ga ko za a iya fitar da kaya da takarda da alƙalami, a ga ko lambobin wayar masu oda da masu kawo kaya suna nan a rubuce, a ga ko akwai wanda ya san kashe tanderu da hannu. Dattawan da suka san wannan aiki a sa su koya wa na baya tun suna nan. Mai inshora kuma ya karanta takardarsa da kyau, domin Merck sai da ya yi shari'a da kamfanonin inshorarsa har farkon 2024, saboda sun ce harin NotPetya yaƙi ne, su kuwa ba su biyan ɓarnar yaƙi.

Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1971, tana da rassa a faɗin ƙasa, ita ta fi dacewa ta buɗe hanyar da 'ya'yanta za su riƙa sanar da juna sabuwar dabarar ɓarayi ba tare da an tona sunan kowa ba. Kwalejojin fasaha su ma ya kamata su yaye injiniyoyin da suka san inji suka kuma san tsaronsa.

Mutanen Kakuri a Kaduna, waɗanda suka ga yadda masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ba sa bukatar a gaya musu abin da tsayawar masana'anta ke jawowa, daga ma'aikaci zuwa mai tuwo a bakin ƙofa, zuwa mai gidan haya da yaran makaranta. Waɗancan sun ɗauki shekaru suna ciwo kafin su mutu. Masana'antar yau kuwa dare ɗaya ya isa a tsayar da ita, in kuma gwamnatin Birtaniya ta tsaya wa Jaguar Land Rover, mai casar shinkafa a Sharaɗa ba shi da wanda zai tsaya masa sai shirin da ya yi tun da wuri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.